Nijar da Najeriya: Me Aka Yanke, Me Ya Rage?

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, tambaya ɗaya take ta yawo a kasuwanni da tashoshin mota na jihar Maraɗi, daga Kanan-Bakashe zuwa Mayahi da Tasawa: shin har yanzu akwai hulɗa tsakanin Nijar da Najeriya, ko an yanke ta? Wasu na cewa an yanke tun ranar da aka rufe iyaka. Wasu na cewa sai da Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO. Akwai kuma masu ganin tunda motoci na shiga Kano suna dawowa, ai babu abin da ya faru. Mai shirin tafiya ci-rani bayan girbi, da mai ragunan da yake so ya kai Mai'aduwa, da uban da ɗansa ke almajirci a Zariya, kowanensu na bukatar amsa, domin a kanta zai tsara tafiyarsa da jarinsa.

Amsar a taƙaice ita ce ba a yanke ba. Tun da ƙasashen biyu suka samu 'yancin kai a 1960, hulɗar jakadanci tsakaninsu ba ta taɓa katsewa ba. Amma ta yi sanyi matuƙa, kuma wasu ginshiƙan da talaka ke jingina da su sun girgiza.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Diflomasiyya kalmar aro ce, ma'anarta tafiyar da mu'amala tsakanin ƙasashe ta hanyar wakilai da tattaunawa. Dokokinta na zamani suna cikin yarjejeniyar Biyana ta 1961. Jakada shi ne wakilin shugaban ƙasa a wata ƙasa, ofishinsa kuma a babban birni yake zama: na Najeriya a Yamai, na Nijar a Abuja. Idan babu jakada, mai riƙon ƙwarya ne ke tafiyar da ofishin. Akwai kuma ƙaramin ofishin jakadanci, irin wanda Nijar take da shi a Kano, wanda aikinsa kula da 'yan ƙasa ne, kamar takardun shaida da agaza wa wanda ya shiga matsala.

Idan ƙasa ta ji haushin wata, tana da matakai hawa-hawa. Mafi sauƙi shi ne ta gayyaci wakilin waccan ƙasar zuwa ma'aikatar harkokin waje ta gaya masa ɓacin ranta. Sama da wannan, ta kira nata jakadan gida. Sama da shi kuma, ta kori jakadan waccan. Na ƙarshe shi ne yanke hulɗa, inda ake rufe ofisoshi, a daina magana kai tsaye. Ko a nan ma, yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ce yankewar ba ta rufe ƙananan ofisoshin jakadanci haka kawai, sai an ɗauki mataki na dabam a kansu.

Misalan kusa za su fayyace bambancin. A ranar 25 ga Agustan 2023 hukumomin Yamai suka ba jakadan Faransa, Sylvain Itté, awa 48 ya bar ƙasar. Wannan kora ce. A Agustan 2024 Nijar ta bi sahun Mali ta sanar da yanke hulɗa da Yukiren. Wannan yankewa ce. Da Najeriya kuwa ba a kai ko ɗaya daga cikin biyun ba. Abin da ya faru shi ne a farkon Agustan 2023 majalisar sojoji ta CNSP ta sauke jakadun Nijar a ƙasashe huɗu, wato Faransa da Amurka da Togo da Najeriya. A ranar da aka kori na Faransa, wasu takardu sun bazu a wayoyi suna cewa an kori na Najeriya da Jamus da Amurka, amma hukumomin Nijar suka ce na jabu ne. Sannan a Satumbar 2023 Shugaba Bola Tinubu ya kira jakadun Najeriya gida daga ƙasashen duniya, ba daga Yamai kaɗai ba. Duk wanda ya ji waɗannan labarai uku a jere ba tare da bayani ba, dole ya ɗauka zumunci ya ƙare.

Takunkumi kuwa horo ne na tattalin arziki ko na zirga-zirga da ake ƙaƙaba wa ƙasa don a matsa mata. Rufe iyaka na iya zama ɓangarensa, yana kuma iya zama matakin da ƙasa ta ɗauka don kanta. Ana iya rufe iyaka jakadu na zaune suna shan shayi tare, haka kuwa aka yi a 2019.

Layin da ya ratsa gida ɗaya

Iyakar ta kai kimanin kilomita 1,500. A kudu tana taɓa jihohi bakwai: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno. A arewa tana taɓa biyar: Doso, Tawa, Maraɗi, Damagaram da Difa. Ingila da Faransa ne suka shata ta. A 1890 suka ja layi a takarda daga Say a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi. A 1898 suka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, wanda ya tura hanyar Faransawa cikin ƙasar da ba rijiyoyi. Faransa ta yi ta ƙorafi har aka gyara a 1904 da 1906, don ayarinta ya samu hanya mai ruwa daga Kwara zuwa Damagaram. Wato ƙishirwar sojan mulkin mallaka na cikin abubuwan da suka yanke wane gari zai faɗa ina. Mutanen wannan yanki sun ga farkon lamarin da idonsu, don a nan ƙasar Tasawa, wajen Maijirgi, ayarin Voulet da Chanoine ya watse a Yulin 1899 bayan ɓarnar da ya tafka a hanya.

Kafin zuwan Turawa ma akwai rabuwar siyasa, bai kamata a ɓoye ba. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora su suka kafa Maraɗi, Gobirawa suka zauna Tsibiri, aka kuma daɗe ana yaƙi da daular Sakkwato. Har yau sarautar Maraɗi sunan Katsina take amsawa. Sai dai waccan rabuwar ba ta hana fatauci da auratayya da neman ilimi ba, kamar yadda layin Turawa ma bai hana ba.

Abin da gwamnatoci suka gina

Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne Nijar da Najeriya ba su taɓa yin babban rikici kan mallakar ƙasa ba. A gwada da Benin: gardama kan tsibirin Lete da ke cikin Kwara ta kusa jawo yaƙi a 1963, ta kuma yi shekaru fiye da 40 kafin Kotun Duniya ta raba ta a ranar 12 ga Yulin 2005, ta ba Nijar Lete da wasu tsibirai 15, Benin ta samu 9. Najeriya ma ta yi nata da Kamaru kan Bakasi. Tsakanin Yamai da Abuja babu irin wannan miki.

Lokacin yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, Shugaba Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin tarayya ta Janar Yakubu Gowon, alhali Faransa na karkata ga 'yan aware. A 1971 aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwar Nijar da Najeriya, da mazauni a Yamai. Ta girmi CEDEAO, wadda a Najeriya ake kira ECOWAS, da shekara huɗu, don sai a 1975 aka kafa ƙungiyar a Legas. Wannan tazarar na da muhimmanci a yau: hukumar ta ƙasashen biyu ce kaɗai, ficewa daga ƙungiyar yanki ba ta rushe ta.

Sai wutar lantarki. Layi ɗaya na tasowa daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, wani daga Katsina zuwa Gazawa, ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Kafin rikicin, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga Najeriya take zuwa. A 1990 kuma aka sa hannu kan yarjejeniya a Maiduguri game da ruwayen da ƙasashen ke tarayya a kansu, ciki har da gulbin Maraɗi, wanda madatsar Jibiya ke riƙe da ruwansa tun daga sama. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano, ta Daura da Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi.

Ba a rasa ɓacin rai ba a tsakani. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki daidai lokacin da fari ya cinye gonaki, har dattawa da yawa a nan suke kiran yunwar shekarar da sunansa. A Agustan 2019 ya sake rufewa, wannan karo yana farar hula, da hujjar hana fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. A dukkan lokutan biyu gwamnatocin na ɗasawa da juna. Mai kaya a bakin Ɗan Isa ne ya ji a jikinsa.

Wata takwas da ƙofa ke rufe

Kwana huɗu bayan kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, shugabannin CEDEAO suka taru a Abuja ranar 30 ga Yuli, ƙarƙashin Tinubu wanda bai cika wata guda da karɓar jagorancin ƙungiyar ba. Suka rufe iyakoki, suka dakatar da cinikayya da hada-hadar kuɗi, suka ba sojoji mako guda su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Najeriya ta katse wuta. A ranar 10 ga Agusta aka ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana.

A wannan gaɓar ne aka ga wata diflomasiyya da ba ta cikin littafin Biyana. Tawagar farko ta CEDEAO, wadda Janar Abdulsalami Abubakar ya jagoranta tare da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, ta koma ba ta ga shugaban CNSP, Janar Abdourahamane Tiani, ba. Wanda ya fara ganinsa daga Najeriya shi ne Sarki Muhammadu Sanusi na biyu, tare da Sarkin Damagaram, ranar 9 ga Agusta. Bayan 'yan kwanaki tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta iso Yamai, aka karɓe ta. Majalisar dattawan Najeriya kuma ta shawarci Tinubu ya bi hanyar sulhu, sanatocin arewa na kan gaba. Dalilai da dama ne suka hana yaƙin, amma babu mai musun cewa ƙin amincewar jama'ar arewacin Najeriya, a masallatai da gidajen rediyo, ya ɗaure hannun Abuja. Yaƙi da Maraɗi yaƙi ne a ƙofar Katsina.

Takunkumin kuwa ya ci jama'a. Manyan motoci sun yi layi a Jibiya da Illela, albasa ta ruɓe a buhu, shinkafa da magani suka yi tsada, masu walda da niƙa da sayar da ƙanƙara suka zauna jiran wuta. Kaya ba su daina ƙetarawa ba, sai dai sun koma bisa babura da amalanke ta hanyoyin daji, kowane shinge da nasa kuɗin, mai saye ne kuma ke biya a ƙarshe. CEDEAO ta ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe nata ɓangaren ranar 22 ga watan. Ta ɓangaren Benin kuwa Yamai ta bar tata a rufe, abin da ke nuna ba mizani ɗaya take auna maƙwabtan biyu da shi ba.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon bayan hukumomin Yamai suna ganin Najeriya ta ci amanar maƙwabtaka. A wurinsu, katse wuta ga asibitoci da barazanar kawo yaƙi sun wuce gona da iri, suna kuma zargin akwai hannun Faransa a ciki. Zargin ya kai ƙololuwa a Disambar 2024. Ma'aikatar harkokin waje ta gayyaci mai riƙon ofishin jakadancin Najeriya kan hare-haren da ake kai wa bututun man da ke zuwa Benin, sannan ranar 25 ga watan Janar Tiani ya yi hira da Hausa, ya ce hukumomin Najeriya na sane da shirin Faransa na amfani da 'yan bindiga, ciki har da Lakurawa, don tayar da hankalin Nijar. Da yake da Hausa aka yi hirar, ta shiga kowane gida a ɓangarorin biyu ba tare da tafinta ba. Mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya musanta, shi ma da Hausa, ya ce babu sansanin sojan waje a ƙasarsu.

Ɓangaren Abuja na cewa ba Najeriya ce ta ƙirƙiro dokar ba. Ƙa'idar CEDEAO ta 2001 kan dimokuraɗiyya ta haramta karɓar mulki da bindiga, Nijar kuma ta sa hannu a kanta. A ganinsu, da an yi shiru bayan Mali da Gini da Burkina Faso, da juyin mulki ya zama ruwan dare. Suna kuma nuna cewa su ne suka fara miƙa hannu: babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya zo Yamai a Agustan 2024 ya gana da takwaransa Janar Moussa Salaou Barmou.

Akwai ra'ayi na uku, na 'yan kasuwa da sarakuna da mazauna bakin iyaka, waɗanda ba ruwansu da wanda ya yi nasara a gardamar, su dai a bar hanya a buɗe.

Idan aka auna, kowane ɓangare na da abin da zai amsa. Ko da hujjar CEDEAO na da tushe a doka, katse wuta da toshe hanyar abinci da magani kuskure ne. Bai dawo da Bazoum ba, ya ƙara wa sojoji farin jini, ya kuma koya wa 'yan Nijar cewa abin da aka daɗe ana kira zumunci ana iya mai da shi bulala cikin kwana biyu. A ɗaya ɓangaren, zargin maƙwabci da ɗaukar nauyin 'yan ta'adda magana ce mai nauyi, wadda ke bukatar hujjar da za a iya ajiyewa gaban kowa. Idan aka sake ta haka nan, ɗan ci-ranin da ke tura kura a Sabon Garin Kano ne zai fara jin zafinta, shi da ɗan Najeriyar da ke kasa kaya a babbar kasuwar Maraɗi.

Ficewa daga CEDEAO

A nan ne ruɗani ya fi yawa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, AES, ranar 16 ga Satumbar 2023. Suka sanar da ficewa daga CEDEAO ranar 28 ga Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Wannan fita ce daga ƙungiya, ba rabuwa da Najeriya ba. Cadi da Kamaru ba su taɓa zama cikin CEDEAO ba, kuma suna da cikakkiyar hulɗa da Abuja.

Amma akwai abin da ya canja, kuma babba ne. 'Yancin shiga wata ƙasa ba biza, a zauna har kwana 90, daga yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ya samo asali. Biza ita ce izinin shiga ƙasa da ake bugawa a fasfo. A Disambar 2024 ƙasashen AES suka ce 'yan CEDEAO za su ci gaba da shigowa ba biza. Ranar ficewar, CEDEAO ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga 'yan ƙasashen uku, a bar su su yi zirga-zirga da kasuwanci har sai an sanar da wani abu. A lura da wannan sharaɗin na ƙarshe. Abin da a da haƙƙi ne rubutacce, yanzu alfarma ce da kowane ɓangare zai iya janyewa da sanarwa ɗaya. Wanda ya girma ba zai manta da 1983 ba, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu, 'yan Nijar da yawa a cikinsu, alhali yarjejeniyar na nan daram.

Abin da ke gaban jihar Maraɗi

Ga manomin Kanan-Bakashe, maganar ta fi shafar buhun wake da aya da riɗi, da bisashen da dillalai ke saye a kasuwannin mako su loda zuwa kudu, har Dawanau da gaba. Abubuwa biyu ne ke yanke farashinsu, kuma ba ɗayansu da ke hannun jakada. Na farko darajar naira. Tun da Najeriya ta saki kuɗinta a Yunin 2023, ta faɗi ƙwarai a gaban sefa, wadda ke ɗaure da yuro. Mai sayar da rago a Jibiya sai ya karɓi naira cike da aljihu, in ya canja ya ga abin bai kai ba, haka ma kuɗin da ɗan ci-rani ke aikowa gida. Janye tallafin mai a Mayun 2023 kuma ya ɗaga farashin man kwalba da ake sayarwa a bakin hanya. Na biyu matakan cikin gida: a Oktobar 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi, ciki har da gero da dawa da wake, sai zuwa Mali da Burkina Faso. Manufar ita ce a kare cimaka a gida, kuma mai saye a birni ya ji daɗi. Amma manomin da wake ne kuɗin hannunsa, an rufe masa kasuwar da ta fi kusa da shi, an buɗe masa wadda ke nesa da fiye da kilomita 1,000.

Sai tsaro. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka gudo Gidan Rumji da kewaye saboda 'yan bindiga, masu satar mutane da shanu kuma na kai da komowa ta dazuzzukan Madarunfa. A Satumbar 2019 gwamnonin waɗannan jihohi uku sun zo Maraɗi sun zauna da takwaransu kan haka. Irin wannan aikin ba ya yiwuwa sai jami'an ɓangarorin biyu na amsa wayar juna. Shi ya sa sanarwar da Nijar ta yi a Maris ɗin 2025, ta janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Cadi, ta tayar da hankalin masu bin lamarin, ko da yake Difa ta fi shafa.

Akwai alamun sassauci. A ranar 16 ga Afrilun 2025 ministan harkokin wajen Najeriya, Yusuf Maitama Tuggar, ya zo Yamai ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, suka amince a farfaɗo da Hukumar Haɗin Gwiwa, suka kuma taɓo layin dogon Kano zuwa Maraɗi da kasuwannin bakin iyaka. Nan ne ya dace aikin ya koma. Tunda rumfar CEDEAO ta daina rufe Nijar, ana bukatar yarjejeniya ta ƙasashen biyu, a rubuce, wadda za ta fayyace takardar da matafiyi zai nuna wa jandarma ko jami'in shige da fice, da kuɗin da duwan za ta karɓa kan buhu da kan dabba, da matsayin wanda ya yi shekaru yana sana'a a ɗaya ƙasar. Ta kuma ƙunshi alkawarin cewa wuta da abinci da magani ba za su sake shiga cikin takunkumi ba, ko wane irin saɓani ya taso tsakanin Yamai da Abuja. Kafin a samu hakan, duk mai niyyar ƙetarawa ya tabbata katin shaidarsa na aiki, ya kuma san inda ƙaramin ofishin jakadancin Nijar yake a Kano.